A littafin binciken kisa, mai bincike na iya sa a yi wa wanda ake zargi duka har ya amsa laifi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kusa kammala littafina na farko na binciken kisan kai. A babin ƙarshe sufeto ya sa an yi wa direban gidan dukan kawo wuƙa, shi kuma ya amsa cewa shi ya kashe Alhaji. Wata ƙawata ta ce ƙarshen bai yi mata daɗi ba, na kasa barci. Ai haka ake yi a zahiri, ko? Su wa zan karanta cikin marubutan yanzu? Daga wata marubuciya a Zariya.

Amsa: Malama, ƙawarki ta yi miki gata, ki riƙe ta.

Fara da na kusa. Femi Kayode ya fitar da Lightseekers a 2021, inda Philip Taiwo, masanin halayyar ɗan Adam, ke bin diddigin yadda taron jama'a suka hallaka wasu ɗalibai kusa da Fatakwal. Kisan ɗalibai huɗu a garin Aluu na Jihar Ribas cikin 2012 ne ya zaburar da shi. Akwai Kwei Quartey na Ghana da sufetonsa Darko Dawson, da Deon Meyer na Afirka ta Kudu wanda da harshen Afirkans yake rubutu, abin da ya kamata ya ƙarfafa wa mai rubutu da Hausa gwiwa. Sai Keigo Higashino na Japan: a The Devotion of Suspect X na 2005, tun farkon littafin an nuna miki wadda ta yi kisan, amma ba za ki iya ajiye shi ba.

To, ga inda raina ke ɓaci. Kusan kullum sai an turo mini rubutu da wannan ƙarshen naki. An kama yaron gida ko direba, an rataye shi, ya yi "bayani", an rufe littafi. Wasu kuma sai su kai mai binciken wurin boka ya buga ƙasa, ko uwar mamacin ta yi mafarki. Masu buɗe ajin koyar da rubutu a WhatsApp suna karɓar kuɗi, su suka fi yaɗa wannan, wai shi ne "ɗanɗanon gida". Ragwanci ne kawai. Tun 1929 marubucin Birtaniya Ronald Knox ya jera ƙa'idojinsa goma na rubuta labarin bincike, ciki har da hana warware laifi da abin gaibu ko da dace. Kulki ma gajeriyar hanya ce irin ta boka. Mai karatu ya biyo ki shafi ɗari biyu yana tara alamu, waye ya riƙe makulli, ƙarfe nawa aka kashe janareta, sai ki ce masa duk aikin banza ya yi.

Kuma wanda ya sha wuya zai amsa ko me aka ce ya amsa. Shi ya sa sashe na 29 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samo ta hanyar gallazawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da azabtarwar kanta laifi. Lauya mai wayo zai wargaza shari'ar sufetonki a zama ɗaya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne matashin da ya karanta irin wannan sau goma, ya yarda cewa duka na fito da gaskiya. Gobe a kasuwa aka yi ihun "ɓarawo", shi ne zai fara neman tayar mota don a ƙona mutum.

Ban ce ki goge dukan ba, tunda yana faruwa. Ki bar direban ya amsa, a rufe fayil, a yi ta murna a caji ofis. Sannan wani ya lura cewa a daren kisan direban yana Kaduna wurin bakanike, ga rasit. Daga nan littafinki ya fara, kuma sufeton da ya ba da umarnin dukan dole ya haɗa ido da matar direban.