Tambaya da Amsa: Idan Na Ɓata a Daji, In Tsaya ko In Ci Gaba da Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina uku za mu shiga daji mu kwana biyu, kuma babu wanda ya taɓa yi a cikinmu. Gardama ta kaure tsakaninmu: ɗaya ya ce wanda ya ɓata ya bi ruwa, zai kai shi gari, ni kuma na ce ya miƙe ta fuska ɗaya har ya fita. Wa ke da gaskiya? Sannan me za mu ci idan guzuri ya ƙare?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokinka ya riƙe rabin gaskiya, kai kuwa ko kusa ba ka zo ba. Miƙewar da kake faɗa ba ta yiwuwa yadda kake zato. A shekarar 2009 Jan Souman da abokan aikinsa na Cibiyar Max Planck da ke Jamus sun ɗaura wa mutane na'urar GPS, mai nuna inda mutum yake, suka sake su a wani daji, suka ce su tafi sambal. Waɗanda suka yi tafiyar rana na haskawa sun miƙe. Waɗanda gajimare ya rufe musu rana kuwa kewaye suka dinga yi, har suna ƙetare sawunsu ba su sani ba. A cikin kurmi, inda ko sama ba ka gani sosai, haka za ta same ka.

Saboda haka da zarar zuciyarka ta ce maka "anya nan ne?", ka tsaya cak. Ka zauna, ka kurɓi ruwa, ka bari bugun ƙirji ya lafa. Wannan zaman shi ne mafi wuya, domin ƙafa ba ta son tsayawa idan tsoro ya shiga, ga kuma kunyar a ce ka ɓata. Bayan ka natsu, ka ɗaura wani ƙyalle mai haske a reshe, ka ɗan zagaya ka duba ko za ka ga hanya, amma kada ka yi nisan da ƙyallen zai ɓace maka. Masu nema daga inda aka yi maka ganin ƙarshe suke farawa. Idan ka ninka nisan da ka yi daga wurin, filin da za su bincika ya ninku sau huɗu. Sai dai jira ba ya da amfani in babu wanda ya san kun shiga. Kafin ku tashi ku gaya wa wani a gida ta inda za ku shiga, ina za ku kwana, da ranar da in bai gan ku ba zai kai rahoto.

Maganar bin ruwa tana da asali. A Disambar 1971 jirgin sama ya tarwatse a saman dajin Amazon na ƙasar Peru, wata yarinya 'yar shekara 17, Juliane Koepcke, ita kaɗai ta tsira. Ta bi ƙorama har ta kai ta kogi, bayan kwana goma da wani abu ta iske bukkar masu saran itace. Amma ita babu wanda ya san inda ta faɗo, ba ta da zaɓi. Ƙorama takan zuba daga kan dutse, takan shige fadama, kuma bakinta ne wurin da ciyayi suka fi cunkushewa, santsi ya fi yawa. Wanda ya karye a can ya ƙara wa kansa wata masifar. Ni dai ba na ba da shawarar bin ruwa sai ga wanda ya tabbata ba mai zuwa nemansa.

Batun abinci kuma, ka ajiye shi can ƙarshe. Lafiyayyen mutum yakan kai makonni ba ci, ruwa kuwa kwana uku ma da ƙyar. Kada ka taɓa ɗanɗana naman kaza (wato laimar kwaɗi) ko 'ya'yan itacen da ba ka sani ba, kuma ganin tsuntsu na ci ba shaida ba ce.

Abin da ya fi saurin kayar da mutum shi ne sanyin dare, musamman in tufafi sun jiƙe ga iska na kaɗawa. Da zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani ya fara rikicewa, yatsu su ƙi ɗaure igiya, ashana ta dinga faɗuwa daga hannu. Don haka tun da sauran rana, kamar awa biyu kafin ta faɗi, ka fara shirin kwana. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki, sai ka tara busassun ganyaye masu kauri ka kwanta a kai, nesa da kwarin da ruwa zai iya bi da kuma busasshiyar bishiyar da reshenta zai iya faɗowa. Kowannenku ya saka babbar leda a aljihu: ka huda wurin fuska, ka zura ta ta ka, ta tare maka ruwa da iska. Ashana ma a leda za ta zauna. Ruwan rafi a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka. In babu halin tafasawa kuma ƙishirwa ta yi tsanani, ka sha. Ciwon ciki yana da magani bayan an fito.

Ku sayi usur, kowa da nasa a wuya, ba a jaka ba. Murya tana dushewa da wuri, usur kuwa ba ya gajiya, kuma busa uku a jere alama ce ta neman agaji. Da rana ka zuba ɗanyen ganye a wuta ya ba da farin hayaƙi. Waya kuma a kashe ta, a riƙa kunnawa jefi-jefi a kan tudu. Saƙon tes yakan fita inda kira ya ƙi shiga. GPS na waya yana aiki ko babu sabis, in dai kun sauke taswirar wurin tun a gida.

Tambaya: Malam, idan maciji ya sari mutum a daji, a ɗaure wurin a tsaga a tsotse dafin?
Daga wata mai karatu

Amsa: A'a, Malama, duk ukun ba a yi. Tsagawa tana jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta, tsotsa ba ta fitar da dafin kirki, ɗaurin tamau kuma yakan kashe gaɓar. A janye shi daga inda macijin yake, a cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora wa gaɓar sanda kamar karaya don kada ta motsa. A ɗauke shi, kada ya taka in da hali, a nufi asibitin da ke da maganin dafin maciji. A riƙe lokacin da saran ya faru domin likita zai tambaya, kuma kada kowa ya tsaya farautar macijin.