Mota ta buge ni: in karɓi abin da inshora ta ba ni ko in nemi lauya?

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan makon, duk daga mutanen da mota ta buge su ko ta buge wani nasu suna tafiya a ƙasa. Matsalar ba ƙarama ba ce a duniya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a haɗuran hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Waɗanda suka tsira da rauni sun ninka wannan adadi sau da yawa, kuma su ne ke rubuto mana. Kowace ƙasa da dokarta, don haka inda na kawo misalin wata ƙasa, na kawo shi ne don mai karatu ya san tambayar da zai yi wa lauya a inda yake zaune.

Tambaya ta farko: Malam, wata biyu ke nan da mota ta buge ni a daidai wurin da aka ware wa masu tsallaka titi. Na karye a cinya, an yi mini tiyata an sa ƙarfe. Sana'ata kafinta ce, a tsaye nake wuni. Kamfanin inshorar direban ya turo wakili da tayin kuɗi, ya ce in sa hannu a wata takarda a biya ni cikin mako guda. Kuɗin zai rufe abin da na kashe a asibiti har ya yi saura kaɗan. Bashi ya yi mini yawa. In karɓa?

Ɗan'uwa, Allah Ya ba ka lafiya. Kada ka sa hannu tukuna.

Takardar da aka kawo maka, a mafi yawan lokuta, takardar rufe magana ce. Abin da ke cikinta shi ne ka karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken haƙƙinka, kuma ba za ka sake neman komai ba a kan wannan haɗari har abada. In bayan wata takwas likita ya ce ƙashin bai haɗe ba sai an sake tiyata, ko ya ce ƙafar ba za ta ƙara jure tsayuwar wuni guda ba, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kotuna ba kasafai suke warware irin wannan yarjejeniya ba in an riga an sa mata hannu. Wata biyu bayan karayar cinya, kai da likitanka duk ba ku gama ganin inda ciwon zai tsaya ba. Wanda bai san girman asararsa ba, ta yaya zai yanke mata farashi?

Ka lura da ma'aunin da ka auna tayin da shi: kuɗin asibiti. Wannan kaso ɗaya ne kawai na diyya, sau da yawa ma ba shi ne mafi girma ba. Doka a galibin ƙasashe tana lissafa kuɗin maganin da aka kashe da wanda za a kashe nan gaba, har da gashin ƙashi da cire ƙarfen in lokacinsa ya yi. Tana lissafa kuɗin shigar da ka rasa tun ranar da ka kwanta, da wanda za ka ci gaba da rasawa in ba ka iya komawa aiki yadda kake a da ba. Kuɗin zuwa asibiti da dawowa yana ciki, sandar dogarawa tana ciki, a wurare da dama har wahalar wanda ya bar aikinsa ya zauna jinyarka ana ƙiyasta ta. Sannan akwai diyyar raɗaɗi da wahalar da jikinka ya sha, wadda ba ta da rasit amma kotu ta san da ita. Ga kafinta mai aiki a tsaye, abin da ya fi damuna shi ne shekarun aikin da ke gabanka. Wannan tayin bai ko taɓo su ba.

Wakilin inshora aikinsa yake yi, kuma aikin nasa shi ne kamfaninsa ya biya mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi. Ya san mai jinya yana cikin matsi, shi ya sa tayin farko yake zuwa da wuri. Ka karɓe shi da mutunci, ka ce a ba ka tayin a rubuce za ka nuna wa lauya. In ya ce za a janye tayin in ba ka amsa cikin kwana kaza ba, kada hankalinka ya tashi, haƙƙinka ba ya faɗuwa don an janye tayi. In ya nemi ya naɗi muryarka kana ba da labarin haɗarin, ka ce sai ka yi shawara. Kalma ɗaya irin "na ji sauƙi", wadda kowa ke faɗa don ladabi, tana iya komawa hujja a kanka.

Maganar bashi kuwa na ji ta, kuma ban raina ta ba. A wasu ƙasashe, Ingila misali, in ɓangaren direba ya amsa cewa laifinsa ne, ana iya neman a biya wani kaso na diyyar tun kafin a kammala lissafi, sai a cire shi daga jimillar a ƙarshe. Ka sa lauya ya duba maka ko akwai irin wannan hanya a ƙasarka. Tana rage matsin da ke sa mutane sayar da haƙƙinsu da arha.

Kafin nan, ka tattara takardunka wuri guda: rahoton 'yan sanda ko lambarsa, takardun asibiti da hotunan ƙashi, kowane rasit komai ƙanƙantarsa, sunaye da lambobin wayar waɗanda suka ga haɗarin. Tunda kai ke aikin kanka ba mai albashi ba ne, ka nemo duk abin da zai nuna abin da kake samu kafin haɗarin, ko littafin ciniki ne ko bayanan banki ko saƙonnin masu ba ka aiki. Ka riƙa zuwa duk ranar da likita ya sa maka, domin giɓi a jinya shi ne farkon abin da ake kafa hujja da shi a ce ai ka warke.

Akwai kuma wa'adi. Kada jira ya zama sakaci. Kusan kowace ƙasa ta ƙayyade lokacin da za a shigar da ƙarar rauni, in ya wuce ƙofa ta rufe komai ƙarfin hujjarka. A Ingila shekara 3 ne a ƙarƙashin dokar 1980, a jihohin Amurka da dama shekara 2 ko 3, wasu ma ƙasa da haka. In motar ta gwamnati ce, akan gajarta wa'adin sosai a wurare da yawa. A ƙasashe da dama, tattaunawa da kamfanin inshora ba ta tsayar da wannan ƙidaya. Tambayar farko da za ka yi wa lauya ke nan: zuwa wace rana nake da ita?

Tambaya ta biyu: Mahaifiyata mai shekara 72 ce mota ta buge. Gaskiya ba a wurin tsallakawa ta tsallaka ba. 'Yan sanda ba su gurfanar da direban ba. Ya zo asibiti yana kuka yana ba da haƙuri, kuma da alama ba mai hali ba ne. 'Yan'uwana sun ce a bar maganar tunda ita ma da laifinta. Amma yanzu ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, ni na bar aikina ina jinyarta.

'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba Mama lafiya. Abubuwa uku aka cakuɗa a gidanku, bari mu warware su.

Rashin gurfanar da direba bai kashe maganar diyya ba. Shari'ar laifi daban, ƙarar neman diyya daban. A ta farko hukuma ce ke neman hukunta mutum, kuma a ƙasashen da ke bin tsarin shari'a irin na Ingila sai an tabbatar da laifin ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. A ta biyu wanda aka cutar ne ke neman a mayar masa da asararsa, abin da ake bukata kawai shi ne hujjarsa ta rinjayi ta ɗaya ɓangaren. Direba yana iya kuɓuta daga ta farko a same shi da sakaci a ta biyu.

Laifin Mama, in ma akwai shi, a yawancin ƙasashe rage diyya yake yi, ba ya soke ta. Ingila ta kafa wannan tsari tun 1945: kotu takan raba alhaki, in ta ga kashi 30 cikin 100 na mai tafiya a ƙasa ne, sai a biya shi kashi 70 na asararsa. Faransa ta fi haka sassauci. Dokarta ta 1985 ta ce a biya mai tafiya a ƙasa diyyar raunin jikinsa ko da ya yi kuskure, sai dai in kuskuren na ganganci ne marar uzuri kuma shi kaɗai ya jawo haɗarin, sannan ta ƙara kariya ta musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 da tsofaffin da suka haura 70. Akwai kuma wurare masu tsauri, kamar jihohin Maryland da Virginia a Amurka, inda ɗan ƙaramin laifin wanda aka buge kan iya hana shi komai. Kin ga dalilin da ya sa ba a yanke wannan hukunci a zaman 'yan'uwa. Kotu za ta duba gudun da direban yake yi, ko yana kallon hanya, ko yana riƙe da waya, ko ya isa ya hango tsohuwa tun daga nesa. Gudu ba abin wasa ba ne a nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda gaban mota ya buga yana ninkuwa sau 4.5 in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa.

Tausayin da kuke wa direban abu ne mai kyau, ban ce ku zubar da shi ba. Sai dai a mafi yawan ƙasashe doka ta wajabta wa kowace mota inshorar biyan wanda ta yi wa ɓarna, don irin wannan rana aka yi ta. In motarsa tana da ita, kamfani ne zai biya. Kuna iya yafe masa a zuciya, ku kuma nemi abin da zai ɗauki nauyin jinyar Mama. Ki fara da gano kamfanin da lambar inshorar. Haƙƙin kuma na Mama ne, muddin tana cikin hayyacinta ita za a zaunar a yi wa bayani ta zaɓa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin da kika bari ma ki ambata wa lauya.

Tambaya ta uku: Direban da ya buge ƙanina da dare ya gudu, babu wanda ya ɗauki lambar motar. Shi ke nan?

Ba lallai ba. Ku kai rahoto wurin 'yan sanda yau in ba ku kai ba, ku kuma zagaya gine-ginen da ke kusa da wurin ku roƙi a adana hotunan kyamarar tsaro, domin yawancinsu suna goge kansu bayan 'yan kwanaki ko makonni. Ko ba a gano shi ba, ƙasashe da dama suna da asusu na musamman don waɗanda direba marar inshora ko wanda ya tsere ya raunata. Birtaniya tana da irinsa tun 1946, kamfanonin inshora ne ke zuba masa kuɗi. Afirka ta Kudu tana da asusun haɗuran hanya da ake tara wa kuɗi daga harajin man fetur, kuma wa'adinsa ya fi gajarta in ba a san direban ba: shekara 2 maimakon 3. Ku bincika ko ƙasarku tana da makamancinsa, kada ku ɓata lokaci.

Tambaya ta huɗu: Lauyoyi biyu na gani. Ɗaya yana son a biya shi tun farko, ɗayan ya ce ba zai karɓi komai ba sai an ci nasara, sannan ya ɗauki kaso. Wanne ya fi?

Ga wanda ke kwance ba ya samun kuɗin shiga, tsarin kaso ya fi sauƙi, kuma yana sa lauyan ya dage tunda rabonsa yana cikin naka. A Amurka kason yakan kai kusan kashi ɗaya bisa uku, wasu ƙasashe sun sa masa iyaka, wasu kuma sun taƙaita tsarin ko sun hana shi. Amma kaso ba shi ne duk lissafin ba. Ka tambaye shi: kuɗin shigar da ƙara da na rahoton likita wa zai biya? Za a cire su kafin a fitar da kasonsa ko bayan an fitar? In an faɗi shari'ar, akwai abin da zai hau kaina, har da kuɗin lauyan ɗaya ɓangaren? A wasu ƙasashe wanda ya faɗi shi ke biyan wannan. Duk amsar da ya ba ka, a rubuta ta a cikin yarjejeniya, ka tafi da kwafinka gida ka karanta a natse kafin ka sa hannu.

Ni dai da zan zaɓa, zan fi duba wanda ya saba da shari'ar rauni, wanda sunansa ke cikin rajistar lauyoyin ƙasar, wanda kuma ya zauna ya tambaye ni dalla-dalla kafin ya ambaci kuɗi. Wanda ya yi maka alkawarin adadi tun bai ga takardar likita ba, ka yi hattara da shi. In ka zaɓa, ka faɗa masa komai, har tsohon ciwon da kake da shi a wannan gaɓar da abin da kake ganin kuskurenka ne a ranar, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tono su ko ba ka faɗa ba, gara naka ya ji daga bakinka ya shirya musu amsa. Ka kuma tabbata yarjejeniyar ta ce ba za a karɓi wani tayin sulhu da sunanka ba sai da amincewarka a rubuce.