Amsa: Ma'anar sunan Zhao (曌)

Malam, ka tambaya ko sunan abokiyar karatunka, 曌, shi ne Zhao ɗin nan na dangi da ya cika ƙasar Sin. A'a, furucin ne kawai ya zo ɗaya, shi sunan dangin kuwa da 赵 ake rubuta shi.

Dubi harafin 曌 da kyau: rana da wata a sama, sararin samaniya a ƙasa, wato haske mai game duniya. Ƙirƙiro shi aka yi domin Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta zama sarkin Sin da kanta, dab da hawanta mulki a 690.

Yau ba a cika raɗa shi ba, Sinawa da yawa ma sai sun ɗan tsaya kafin su karanta shi. Ni dai sunan yana burge ni ƙwarai.