Ɗan kunnen da ke cin kunne: tambayoyinku a kan nikel

Tambaya: Likita, duk ranar da na sa ɗan kunne mai araha sai kunnena ya kumbura, ga ƙaiƙayi, har ya riƙa fitar da ruwa. Surukata ta ce jinina ne ba ya son komai sai gwal. (Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba, sai dai laifin ba na jininki ba ne. Yawancin sarƙoƙi da 'yan kunne masu araha akwai wani ƙarfe a cikinsu mai suna nikel. Muddin yana bushe ba ruwansa da kowa. Amma zufa akwai gishiri a cikinta, ita ke lasar ƙarfen kaɗan-kaɗan har ya koma gishirin nikel, wanda ke narkewa a ruwa ya ratsa fata. Shi ya sa abin ya fi tsanani da bazara, kin san zafin Katsina a watan Afrilu. Ƙurajen ba sa fitowa nan take, sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, kuma daidai wurin da ƙarfen ya taɓa. Maza ma ina ganinsu da shi, baƙin tabo a ƙasan cibiya inda kan bel ke gogar fata, ko ƙarƙashin agogo, ana ta shafa maganin makero a banza.

Idan jiki ya riga ya tsani nikel, to ya tsane shi ke nan har abada. Ki cire ɗan kunnen, ki shafa man hydrocortisone, maganin ƙaiƙayi da kumburi, na 'yan kwanaki, amma kada ki shafa man bilicin. Likitan fata kan tabbatar da shi ta hanyar manna nikel salfet, wani nau'in gishirin nikel, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 a gadon baya na awa 48.

Tambaya: Za a huda wa jaririyata kunne, wace barima zan sa mata? (Wata uwa daga Daura)

Amsa: Sabuwar huda ita ce babbar ƙofar wannan matsala, don ƙarfen yana zaune ne cikin ɗanyen rauni. Ki nemi jan gwal mai kyau ko wani ƙarfe mai suna titaniyom. Farin gwal wani lokaci da nikel ake haɗa shi. Tarayyar Turai tun 1994 ta ƙayyade yawan nikel da kayan ado za su iya saki. Na kan tiren 'yan talla kuwa, wa ya auna?

Tambaya: Ina koyon rina ƙarfe da lantarki ya yi ƙyalli. Muna narka wani koren gishiri da hannu. Akwai illa? (Wani matashi daga Sabuwar Unguwa)

Amsa: Akwai, ɗana. Idan koren na da sirkin shuɗi, galibi nikel salfet ne. Kore shar kuma nikel kulorayid. Kada kyansa ya ruɗe ka. Hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadaran nikel cikin masu haddasa kansar huhu da ta hanci ga masu shaƙar ƙurarsu ko tururinsu shekara da shekaru. Sa safar hannu ta roba da takunkumi, ku yi aiki inda iska ke ratsawa, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Kada a zuba ruwan a gorar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne. Wanda ya sha, kar a tilasta masa amai, a nufi asibiti tare da gorar.

Tambaya: Tukunyar sitil fa?

Amsa: Akwai nikel a ciki, amma a ɗaure yake. Ku ci gaba da girkinku. Mai tsananin ƙurajen ne kawai zan ce kada ya bar zoɓo ko tsamiya su kwana a ciki.