Amsa ga ƙanenmu a kan kalmar intanashonalizim

Salamu alaikum jama'ar zaure. To, ƙanena, na ji tambayarka ta daren jiya, ka ce malaminku ya ba ku aiki a kan intanashonalizim, ka duba ka ga ma'ana uku, kanka ya ɗaure. Duk ukun daidai ne.

A siyasa, ra'ayi ne na cewa ƙasashe su haɗa kai, kada kowa ya tsaya a bakin iyakarsa. Mu 'yan Bauchi ba sai mun je nesa ba. Ranar 7 ga Oktoba 1960 marigayi Abubakar Tafawa Balewa, Allah ya jiƙansa, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a ciki.

A harshe kuwa, kalma ce da ta yi yawo har ta zama ta kowa. Shayin da kake sha da safe, Balarabe ya ce shay, Baswahile ya ce chai, mutumin Rasha ma chai. Haka sukari, haka rediyo.

Yauwa, sai na gini, nan ne aikina, kuma nan ne ke damuna. A 1932 aka yi wani baje kolin zanen gine-gine a New York, daga nan sunan wannan salon gini, International Style, ya bazu. Siminti, ƙarfe, gilashi, sama a shafe, babu ado ko kaɗan, gini iri ɗaya ko a Jamus ko a Gombe. To amma ranar Jamus ba irin tamu ba ce. Ka shiga irin ginin nan a watan Afrilu an ɗauke wuta, wallahi tanda ne, sai an tayar da janareta mutum zai iya zama. Kakanninmu da tubali da azara suka yi soro mai kaurin bango, da azahar ka shiga ka ji sanyi. Har Turawan da suka zana Jami'ar Ibadan, Maxwell Fry da Jane Drew, sun gane haka, suka yi bango mai huji-huji don iska ta wuce. Mu kuma yau muna ta manna gilashi a fuskar yamma, abin yana ba ni takaici.

Kafin ka rubuta, ka je cikin gari da rana tsaka, ka zauna a wani tsohon zaure na minti goma. Ranar Asabar in sha Allahu zan zo in raka ka.