Hukuncin shafa man zafi mai sunan dabba

Tambaya: Malam, akwai man zafi da ake kira Tiger Balm, da hoton damisa a jikin kwalbarsa. An ce mini da kitsen damisa ake haɗa shi. Ya halatta in shafa in yi salla da shi?

Amsa: Ya halatta, kuma sallarki ta inganta. Shari'a abin da ke cikin kwalba take dubawa, sunan da ɗan kasuwa ya laƙaba wa hajarsa ba ya halatta ta, ba ya haramta ta. Annabi (SAW) ya ba da labarin mutanen da za su sha giya suna kiranta da wani suna, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, sauyin sunan bai sa ta zama halal ba. Haka ma sunan dabba ba ya mayar da abu mai tsarki najasa.

Wannan man ba komai na damisa a cikinsa. Kafur ne da mentol (sinadarin na'a-na'a mai sanyaya fata) da man kanumfari da man wata bishiya, an kwaɓa su da farafin. Kamfanin Haw Par na Singafo ke yin sa, kuma sunan ya samo asali ne daga Aw Boon Haw, ɗan mutumin da ya fara haɗa shi, domin Haw na nufin damisa.

Inda ake bukatar lura shi ne kayan da dabbar ke ciki da gaske, kuma sau da yawa ba sa ɗauke da sunanta a gaba. Ki juya kwalbar ki karanta jerin abubuwan haɗi. In kin ga lard, kitsen alade ne, ki bar shi. Tallow kitsen saniya ko rago ne, hukuncinsa na bin yankan: na mushe najasa ne, sai an wanke wurin kafin salla. Lanolin kuwa daga gashin tumaki ake tatsarsa, mai tsarki ne. Abin da ba ki san asalinsa ba yana nan kan halacci, ba a ɗora miki bincike mai tsanani ba.

Hoton da ke jikin kwalba zane ne marar inuwa, a kan abin da ba girmama shi ake yi ba, don haka ba ya hana saye.

Sai alwala: in man ya yi kauri har ruwa ba ya taɓa fata, ki goge shi tukuna, maiƙon da ya saura ba ya hana komai. Kada a shafa shi a kan rauni ko kusa da ido, kuma kada a sa wa jariri, domin kafur na iya cutar da shi.

Wallahu a'alam.