Ɗana yana da huji a zuciya, daga wa ya gada?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari watansa takwas, an gano yana da huji a zuciya, a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa. Likitan da ya duba shi ya ce abin yana da alaƙa da ƙwayoyin gado. Tun ranar hankali ya ƙi kwanciya, dangin mijina na cewa daga wajena ne, ni kuma na bincika kaf danginmu ban ji mai ciwon zuciya ba. Daga wa ya gada? Idan na sake haihuwa haka zai zo?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Maganar likitan daidai ce, fahimtar da aka yi mata ce ta karkace. A samu tangarɗa a ƙwayoyin gadon jariri abu ne daban, a ce daga uwa ko uba ya ɗauko ta kuma wani abu ne daban. Sau da yawa sabuwa ce, ta faro a ƙwan uwa ko maniyyin uban da aka samu cikin da shi, ko kwanaki kaɗan bayan haɗuwarsu, alhali iyayen biyu lafiyarsu lau. Kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 ake haifa da wata lalurar zuciya, kuma mafi yawansu babu mai irinta a danginsu.

Zuciya tana haɗuwa da wuri ƙwarai. Kusan kwana 22 da shigar ciki take fara bugawa, a lokacin ba ta wuce ɗan siririn bututu ba. Daga nan sai ta lanƙwashe, bangaye su tsiro su raba ta ɗakuna huɗu, manyan jijiyoyi su zauna a mazauninsu. Kafin mako na takwas an kusa gamawa, mace ma wataƙila ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. Ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne ke jan ragamar wannan gini, kowace da lokacinta. Ɗaya ta makara ko ta yi rauni, sai bango ya ƙi rufewa, ko jijiya ta tsuke.

Mafi bayyana cikin dalilan shi ne na kuromosom, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a ciki. Mutum yana da 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Jaririn da ya zo da ƙari a lamba ta 21 shi ne mai lalurar Down, wadda aka gano sababinta a Faransa a 1959, kuma kusan rabin irin waɗannan yara suna da matsalar zuciya. Yarinyar da ta rasa ɗaya daga cikin kuromosom X guda biyu, mai lalurar Turner, takan zo da tsukewar babbar jijiyar da ke fitar da jini zuwa jiki. Duka biyun kuskuren rabo ne lokacin samuwar ƙwai ko maniyyi, kusan koyaushe ba gadonsu ake yi ba, ko da yake yiwuwar Down tana ƙaruwa da shekarun uwa.

Akwai wanda na fi so iyaye su sani, domin yana ɓuya. Wani ɗan guntu ne ke ɓacewa daga kuromosom na 22, ana kiran lalurar DiGeorge, tana samun kusan jariri ɗaya cikin 4,000. Yaro zai zo da ciwon zuciya, tare da ƙarancin sinadarin kalsiyom da kan sa jijjiga, ko tsagewar ganɗa, ko yawan kamuwa da cututtuka. Tara cikin goma sabon abu ne a jikinsu. Ragowar ɗayan daga uwa ko uba ne, wanda shi kansa alamunsa ba su taka kara sun karya ba, har ya girma bai sani ba. A nan lissafi ya canza gaba ɗaya, domin mai ɗauke da ita kowane ciki rabi da rabi ne. Haka lalurar Noonan da ta Holt-Oram, wasu lalurorin gado biyu masu taɓa zuciya, suke idan ɗaya daga iyaye yana da su. Shi ya sa likita zai bar ƙirji ya kama babban yatsan jariri yana juyawa, ya leƙa ganɗarsa, ya dubi wuya da kunnuwa, wani lokaci har ya ce uban ya miƙo nasa hannun. A Holt-Oram ƙwayar gado guda ce, TBX5, ke gina hannu da zuciya tare, sai yatsa ya tona abin da ke ƙirji.

Duk da haka, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake iya nuna takamaiman dalili a ƙwayoyin gado. Saura haɗin gambiza ne: ƙananan bambance-bambance daga ɓangaren uwa da na uba, waɗanda kowanne shi kaɗai ba ya komai, suka haɗu da yanayin cikin. Idan ɗanki huji ne kaɗai gare shi, girmansa da kamanninsa da sauran gaɓoɓinsa lafiya, to mafi rinjaye a wannan rukuni yake. Babu gwajin da zai ɗora abin a kanki, kuma ina faɗin haka da ƙarfi, domin na ga yadda irin wannan zargi ke cin uwa a lokacin da yaro ya fi buƙatar ƙarfinta. Auren dangi na kusa yana ɗan ɗaga haɗarin, saboda ɓoyayyar ƙwaya iri ɗaya na iya zuwa ta ɓangarorin biyu, to ko a nan ɗin ma na mutum biyu ne.

Game da ciki na gaba: idan yaro ɗaya ne ya zo da ita kuma ba a gano wata lalurar gado ba, yiwuwar ta maimaitu kusan 2 zuwa 3 cikin 100 ce. Wato cikin irinki 100, kusan 97 za su haifi mai lafiyayyar zuciya. Idan yara biyu ne, takan kai kusan 10 cikin 100. Idan uwa da kanta aka haife ta da lalurar, haɗarin ya fi na uba mai ita. Matsalolin ɓangaren hagu na zuciya sun fi bin dangi, har akan so a yi wa iyaye da 'yan'uwa hoton zuciya.

Akwai kuma abin da ke hannunki. Ciwon sukari da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki yana ninka haɗarin, don haka a auna tun kafin a fara nema. A tabbatar kin yi rigakafin rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, shi ma kafin ciki ake yinsa, ba a cikinsa ba. Ki fara shan folik asid, maikrogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin ɗaukar ciki. Idan kina shan maganin farfaɗiya irin su valproate, ko isotretinoin na ƙurajen fuska, ki gaya wa likita ya duba, amma kada ki yanke maganin farfaɗiya da kanki.

Ki nemi a rubuta miki ainihin sunan lalurar ɗanki da girman hujin, ki tambaya ko akwai dalilin yi masa gwajin kuromosom. Ƙananan huji irin wannan da yawa sukan rufe da kansu a shekarun farko, manya ne ke buƙatar tiyata. Idan ciki ya samu, ki nuna takardar tun zuwan awo na farko, a shirya miki hoton zuciyar ɗan tayi tsakanin mako 18 zuwa 22. Bayan haihuwa da kwana ɗaya a auna iskar oksijin a hannun dama da ƙafar jariri. A gida kuma ki lura da shi wajen shan nono: idan yana tsotsa kaɗan ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi, ko leɓe da harshe suna komawa shuɗi, a kai shi asibiti a ranar.